CF8M ko CF3M? Yadda ɗan kabon ke raba ƙarfen zubi mara tsatsa gida-gida

Duk wanda ya taɓa sayen bawul, ko gangar famfo, ko gwiwar bututu ta ƙarfe mara tsatsa, wanda a kasuwa ake ce wa sitenles, ya ga haruffan da ke fitowa a jikin kayan tun daga wurin zubi: CF8, CF8M, CF3, CF3M. Ido ba ya raba su. Nauyi ɗaya, ƙyalli ɗaya, mai shago ma yana iya ce maka ai duk abu guda ne, ka ɗauki mai sauƙin kuɗi. Tsakanin CF8M da CF3M kuwa, tazarar da ƙa'ida ta gindaya ba ta wuce giram 500 na kabon a cikin tan guda na ƙarfe ba. Wannan ɗan abin shi ke yanke hukuncin ko za a iya yi wa kayan walda a bar su haka, ko za su jure wuta, ko za su yi tauri, ko kuma wata rana a tarar suna yoyo ta gefen ɗinkin walda alhali sauran jikinsu na nan fes.

Akwai aikin da kabon ke kashe kaya a cikinsa, akwai kuma aikin da in babu shi kayan ba za su kai labari ba. Tambaya uku ce ke raba gardama. Za a taɓa kayan da walda bayan sun bar masana'anta? Wane irin zafi za su zauna a ciki? Ana bukatar tauri, ko ba a bukata?

Lambar da ke jikin kayan

Tsarin sunayen daga Amurka ya fito, daga cibiyar masu zubin ƙarfe da ake taƙaita sunanta da ACI, daga baya ƙa'idojin ASTM, ƙungiyar tsara ma'aunin kayayyaki, irin su A351 da A743 da A744 da A297 suka ɗauke shi. Idan harafin farko C ne, an yi ƙarfen don jure cin ruwa da sinadarai. Idan H ne, an yi shi don aiki a zafin da ya haura digiri 650 na ma'aunin Salshiyas. Harafi na biyu yana nuna yawan nikel, daga A mai ɗan kaɗan ana hawa sama. Lambar da ke biye kuwa ta kabon ce. A dangin C, ita ce iyakar da ba a yarda a wuce ba: 8 na nufin kashi 0.08 cikin ɗari, 3 na nufin 0.03, 15 na nufin 0.15. A dangin H lambar tsakiya ce, shi ya sa kabon ɗin HK40 ke faɗawa tsakanin 0.35 da 0.45. M a ƙarshe na nufin an ƙara ƙarfen molibdinam, C a ƙarshe kuma ƙarfen niyobiyam.

CF8 shi ne takwaran 304 da aka sani a faranti da bututu, CF3 takwaran 304L, CF8M na 316, CF3M na 316L. Kayan da suka zo ta Turai za ka ga 1.4308 da 1.4408 a madadin CF8 da CF8M, iyakar kabon ɗinsu 0.07, sannan 1.4309 da 1.4409 a madadin masu ƙarancin kabon. Tsarin Japan, wanda ake yawan gani a kayan Asiya, yana kiran CF8 da SCS13A, CF8M da SCS14A, CF3 da SCS19A, CF3M kuma SCS16A.

Abin da ke tsakanin kabon da kuromiyam

Kuromiyam ne ke hana wannan ƙarfe tsatsa. Da zarar ya kai kusan kashi 10.5 zuwa sama, yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, ko an karce ta sai ta sake fitowa da kanta. Sharaɗin kawai shi ne kuromiyam ɗin ya kasance a narke cikin jikin ƙarfen, a warwatse ko'ina.

To, kabon yana da kwaɗayin kuromiyam. Muddin ƙarfen ya zauna a zafi tsakanin kusan digiri 425 da 870, musamman wajen 650 zuwa 700, kabon yakan yi ƙaura zuwa iyakokin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfen, ya kama kuromiyam a can, su dunƙule su zama kabaid na kuromiyam. A cikin wannan haɗi ƙwayar zarra 6 ta kabon ce ke riƙe 23 na kuromiyam, wanda in aka auna da nauyi, giram ɗaya na kabon na iya ɗaure giram 16 zuwa 17 na kuromiyam. Matsalar ta fi haka ma, domin kabon ƙarami ne mai saurin tafiya, yana zuwa daga nesa, shi kuwa kuromiyam nauyin jiki gare shi, na kusa da iyakar kaɗai ake kwashewa. Sai ka samu wani siririn layi a gefen kowace ƙwaya da kuromiyam ɗinsa ya faɗi ƙasa da abin da zai iya yin fatar kariya. In aka kai gutsuren ƙarfen ɗakin gwaji za a ce kuromiyam ya cika kashi 18 ko 19, kuma ba a yi ƙarya ba. Ginin bulo ne da kowane bulo ke da ƙwari amma simintin da ke tsakaninsu ya zama gari, kuma dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Asid ko ruwa mai kaifi yana bin waɗannan layuka ya ci, har ƙwayoyin su saki juna.

Masu zubi sun san maganin wannan. Bayan an fasa mazubin yashi an fito da kayan, ana mayar da su tanderu a kai su aƙalla digiri 1040, a bar su har kabaid ɗin ya narke ya koma cikin jikin ƙarfen, sannan a tsoma su a ruwa da gaggawa yadda kabon ba zai samu lokacin sake taruwa ba. CF8M da aka yi wa wannan gashi yadda ya kamata, juriyarsa ga sinadarai kusan ɗaya take da ta CF3M. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa da babbar murya, domin wasu na ɗauka CF8M ƙarfe ne mai naƙasa tun asali. Lafiyarsa ƙalau ranar da ya bar masana'anta. Abin da ke faruwa bayan nan ne ke raba su.

CF8 da CF8M a gefe guda, CF3 da CF3M a ɗaya gefen

Walda ce babbar hanyar da ke mayar da ƙarfe cikin wancan zafi mai haɗari. A kan layin ɗinkin ƙarfen narkewa yake yi, ya wuce haɗarin. Nesa da shi kuma bai yi zafi sosai ba. Amma 'yan milimitoci kaɗan daga ɗinkin, hagu da dama, akwai zirin da ke tsayawa tsakanin 425 da 870 na ɗan lokaci. Ƙarfe mai kabon kusan 0.08 mintuna kaɗan sun ishe shi ya fara tara kabaid. Mai 0.03 kuwa sai ya ɗauki sa'o'i. Walda ta mintuna ce, don haka mai ƙarancin kabon yake tsallakewa lafiya, ɗayan kuma yana iya kamuwa. Kauri ma na da tasa rawar. Gangar famfo mai kauri tana shan zagayen walda da yawa kuma tana jinkirin hucewa, saboda haka ta fi siririn abu shiga haɗari.

A takarda, gyaran mai sauƙi ne: bayan walda a sake kai kayan digiri 1040 a tsoma a ruwa. A aikace fa? Bawul ɗin da aka riga aka liƙa a layin bututu ba ya shiga tanderu. Gangar da aka riga aka yi wa aikin injin sassaƙa, in ta sha wannan wuta da ruwa tana iya karkacewa, fuskokin da ya kamata su haɗu su daina haɗuwa. Kuma a yawancin masana'antunmu, idan abu ya tsage mai walda ake kira ya zo har wurin ya ɗinke, a tayar da inji kafin la'asar. Wanda ya san haka kayansa za su rayu, to, ya sani tun ranar saye cewa ba za a sake gasa su ba. Wannan dalili kaɗai ya isa in ce duk abin da zai taɓa asid ko wani ruwa mai ci, kuma akwai yiwuwar a yi masa walda, a sayi CF3 ko CF3M. Sandar waldar ma ta zama mai ƙarancin kabon, E308L ga CF3, E316L ga CF3M, in ba haka ba an tsare gefe an bar tsakiya.

Akwai wani abu da ke rage wa CF8 laifi, kuma adalci ne a ambace shi. Ƙarfen zubi ba daidai yake da farantin da aka murza ba. Farantin 304 kusan gaba ɗayansa nau'in ginin ciki guda ne da ake kira ostinait. Na zubi kuwa da gangan ake barin wani nau'in, ferait, kashi 5 zuwa 20 ko kusa da haka, a warwatse cikinsa kamar tsibirai. Ferait yana hana tsagewa lokacin daskarewa da lokacin walda, yana ƙara ƙarfi, sannan kabaid ya fi son taruwa a bakin waɗannan tsibirai maimakon ya yi dogon layi mara yankewa. Saboda haka CF8 ya fi farantin 304 haƙuri da walda. Sai dai wannan sassauci ne, ba kariya ce da za a dogara da ita a cikin asid mai zafi ba, don yawan ferait yana bambanta daga narki zuwa narki, har ma daga wani sashe na kayan zuwa wani.

Wannan ferait ɗin ne kuma ya sa maganaɗisu ke ɗan kama bawul na CF8M ko CF3M. Mutane da yawa sun mayar da kaya masu kyau suna cewa jabu ne saboda mayen ƙarfe ya kama. Kabon na cikin abubuwan da ke ƙarfafa ostinait, kuma ƙarfinsa a wannan fanni ya ninka na nikel kusan sau 30 a lissafin da masu walda ke amfani da shi. In aka rage kabon, ferait na ƙaruwa sai an cike gurbin da nikel. Shi ya sa ƙa'ida ta ba CF8 nikel kashi 8 zuwa 11 amma ta bar CF3 ya kai 12, ta ba CF8M 9 zuwa 12 ta bar CF3M ya kai 13.

Sai maganar ƙarfi, inda ake yawan kawo hujjar da ba ta zauna ba, wai mai ƙarancin kabon ya fi rauni. Gaskiya ne a faranti 304L ya fi 304 rauni a ƙa'ida: a ma'aunin ƙarfi na megafaskal, ana neman 304 ya jure 205 kafin ya fara lanƙwasa, 304L kuma 170 kawai. Amma a zubi ba haka ba ne. A ƙarƙashin A351, CF8 da CF3 da CF8M da CF3M duk abu ɗaya ake nema a wurinsu: 205 kafin lanƙwasa, 485 kafin tsinkewa. Ferait ya cike abin da kabon ya bari. Don haka a zafin ɗaki ko zafin tafasar ruwa, wanda ya zaɓi mai ƙarancin kabon bai yi asarar komai ba ta fuskar ƙarfi. A sanyi mai tsanani ma, irin na iskar gas da aka mayar ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili, dukkansu ana aiki da su.

Kuɗi fa? Cire kabon ne ke da tsada. Kuromiyam yana zuwa wa masu narki ne a haɗe da baƙin ƙarfe, kuma mai arahar yana ɗauke da kabon kashi 6 zuwa 8. In aka hura oksijin don ƙone kabon, kuromiyam ma yana ƙonewa tare da shi. Abin da ya warware wannan shi ne dabarar AOD da kamfanin Union Carbide ya ƙirƙiro, wadda aka fara aiki da ita a kasuwance a 1968 a Amurka: ana gauraya oksijin da iskar argon, sai kabon ya fita kuromiyam ya tsira. Tun daga nan ƙarfe mai ƙarancin kabon ya daina zama kayan 'yan gata. Amma ƙananan gidajen zubi da yawa tanderun lantarki kawai gare su, mai narkarwa ba mai tacewa ba. Abin da aka zuba masa shi zai fitar. Irin waɗannan ba su da hanyar yin CF3M sai sun sayi tarkacen ƙarfe mai tsabta da kuromiyam mai ƙarancin kabon, su kuma kiyaye kada mai ko datti ya shiga. Nan ƙarin kuɗin yake fitowa, nan kuma ha'inci yake samun ƙofa.

Yaushe CF8 ko CF8M ya wadatar? Idan bawul ne mai haɗin kusoshi ko mai zare wanda ba za a taɓa shi da wuta ba, yana ɗaukar ruwan sha, ko tururi mai sauƙi, ko mai, ko kayan abinci marasa kaifi, kuma in ya lalace canza shi za a yi, to biyan ƙarin kuɗi don CF3M bai zama dole ba. Shi ne ma aka fi samu a kasuwa. Sannan yau narki da yawa kabon ɗinsa na sauka ƙasa da 0.03 ko da CF8M aka nema, har a ba shi shaidar ajin biyu a takarda ɗaya. In ka samu irin wannan don aikin da ba na wuta ba, ka yi sa'a.

Inda ake neman kabon da gangan

Da zarar zafin aiki ya haura, lissafin yana juyewa. Ƙarfen da ke ɗauke da nauyi ko matsin tururi a cikin wuta yana miƙewa sannu a hankali, wata da watanni, shekara da shekaru, ko da nauyin bai kai wanda zai lanƙwasa shi nan take ba, har ranar da zai tsage. Abin da ke taka wa wannan miƙewa birki shi ne kabaid ɗin nan da muke gudu a baya. Ƙananan ƙwayoyinsa ne ke tokare cikin ƙarfen su hana shi zamewa.

Ƙa'idar bawul ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME B16.34, ta fito fili a kan wannan. Ba ta yarda a yi aiki da CF3 a sama da digiri 425 ba, CF3M kuma 455. Shi ma CF8 ko CF8M, in za a wuce digiri 538, sai kabon ɗinsa ya kai 0.04 ko fiye. A lura da kyau: wancan bawul mai shaidar aji biyu da ya zama alheri a layin asid, a layin tururi mai zafin 550 bai cancanta ba, ko da an zuba CF8M ɓaro-ɓaro a jikinsa. Mai irin wannan aiki ya rubuta mafi ƙarancin kabon da yake so a takardar oda, ko ya nemi CF10 ko CF10M, waɗanda ƙa'idarsu ta tsayar da kabon tsakanin 0.04 da 0.10.

Akwai wanda ke tsaka mai wuya: kayansa na aiki a digiri 500 ko 600, kuma idan aka kashe inji suka huce, raɓa mai asid na kwanciya a kansu. Matatun mai sun san wannan sosai. Mai ƙarancin kabon ba shi da ƙarfin zama a wutar, mai kabon kuma zai tara kabaid ya jira ranar hucewa. Don irin wannan aka yi CF8C. Ana zuba masa niyobiyam aƙalla ninki 8 na kabon ɗinsa, ba ya wuce kashi 1. Niyobiyam ya fi kuromiyam saurin cafke kabon, sai ya riƙe shi, kuromiyam ya zauna a inda ake bukatarsa. Sandar waldarsa E347 ce.

Can sama kuma, daga digiri 650 zuwa 1000 da 'yan kai, dangin H ne ke da filin. Misalin da ya fi nuna aikin kabon a fili shi ne CK20 da HK40. Kuromiyam ɗinsu ɗaya, kashi 23 zuwa 27. Nikel ɗinsu ɗaya, 19 zuwa 22. Na farko kabon ɗinsa ba ya wuce 0.20, na biyu yana wajen 0.40, kuma wannan ne ya sa HK40 ya yi shekaru yana zama bututun tanderun da ake fasa iskar gas a ciki don samar da haidurojin, a zafin da ke kusan digiri 900, kafin dangin HP masu ƙarin nikel da niyobiyam su karɓe yawancin aikin. Masana'antun takin zamani irin na Lekki da Eleme da irin wannan tanderu suke aiki. Kamfanonin siminti ma, ko na Kalambaina ne ko Ashaka ko Malbaza, sassan da ke bakin murhu da wurin sanyaya dutsen da ya fito daga wuta ƙarfen zubi mai jure zafi suke bukata, kuma HH da HK na cikin waɗanda aka saba gani a wannan aiki.

Farashin wannan ƙarfi shi ne gautsi. Ƙarfen H da ya daɗe a wuta, in ya huce, ba ya miƙewa kamar sabo. Bugun guduma ko waldar gaggawa na iya tsaga shi. Sannan kada wani ya ga kuromiyam kashi 25 ya ce bari ya sa HK40 a cikin asid. Kabaid ya cika masa ciki, ba a yi shi don jiƙa ba.

Masu tauri: CA15, CA40 da CA6NM

Dangin CF ba sa taurara da wuta, ko an gasa an tsoma. Wanda ke son tauri, don farfelar famfo da yashi ke gogawa, ko mazaunin bawul, ko wuƙar inji, sai ya koma dangin CA masu kuromiyam 11.5 zuwa 14. Wannan ne ma gidan da ƙarfe mara tsatsa ya fara suna a cikinsa: wanda Harry Brearley ya narka a Shefild ta Ingila a 1913 yana da kuromiyam kashi 12.8 da kabon 0.24, kuma wuƙaƙe aka fara yi da shi. A nan kabon ne ke ba da taurin kai tsaye.

CA15, takwaran 410, kabon ɗinsa ba ya wuce 0.15, ana neman ya kai megafaskal 620 kafin tsinkewa. CA40, takwaran 420, yana da 0.20 zuwa 0.40, yana iya taurara har kusan 50 a ma'aunin tauri na Rockwell C, ya fi jure guga nesa ba kusa ba. Amma a tuna da lissafin giram ɗaya da giram 16. Ƙarfen da kuromiyam ɗinsa 12 ne kacal ba shi da rarar da zai yi kyauta da ita, saboda haka CA40 ya fi saurin nuna tsatsa, ya fi gautsi, kuma walda a kansa aiki ne na ƙwararru. CA15 ɗin ma sai an ɗumama shi zuwa digiri 200 ko 300 kafin walda, a sake gasa shi bayanta, in ba haka ba gefen ɗinkin ya taurare ya tsage, wani lokaci bayan mai walda ya tattara kayansa ya tafi. Akwai kuma zafin da ake kauce wa lokacin sassauta taurinsa, tsakanin kusan 370 da 600, don a nan juriyar bugu ke faɗuwa.

CA6NM ya bi wata hanya dabam. A Suwizalan aka samar da shi a shekarun 1960. An sauke kabon zuwa 0.06, aka cike gurbinsa da nikel kashi 3.5 zuwa 4.5, aka ƙara molibdinam 0.4 zuwa 1. Sakamakon ya ba da mamaki ga mai ɗaukar cewa kabon ne kaɗai ke ba da ƙarfi: 755 kafin tsinkewa, 550 kafin lanƙwasa, duka sun fi na CA15 har da na CA40, ga juriyar bugu, ga sauƙin walda, ga sauƙin zuba manyan kaya ba tare da sun tsage ba. Shi ya sa ya zama ƙarfen manyan farfelolin injinan wutar lantarki na madatsun ruwa, waɗanda ruwa ke ƙwaƙule su kuma dole a riƙa cike ramukan da walda a inda suke. A ganina, duk babban abu da za a so a gyara shi wata rana, CA6NM ya fi CA15 ko da ya fi tsada. CA40 kuwa a bar shi ga ƙananan sassa da guga ce babbar matsalarsu, waɗanda in sun cinye sai dai a sauya.

Gishiri ba ruwansa da lambar kabon

Kuskuren da ke cin kuɗin mutane shi ne ɗaukar CF3 a matsayin maganin kowace tsatsa. Ruwan gishiri, ko na teku ne, ko na rijiya mai zartsi, ko na majemar fata irin waɗanda ke Sharaɗa da Challawa, huda ƙananan ramuka yake yi, kuma rage kabon ba ya hana wannan. Kuromiyam da molibdinam da naitirojin ne ke hanawa. CF8M mai molibdinam kashi 2 zuwa 3 ya fi CF3 mara molibdinam a irin wannan ruwa. In gishirin ya yi yawa ko ruwan na da zafi, CF3M ma yana gazawa, sai a haura zuwa irin su CD3MN, takwaran 2205, wanda kabon ɗinsa bai wuce 0.03 ba amma naitirojin da yawan ferait suka ba shi ƙarfin da ya ninka na CF3M wajen jure lanƙwasa.

Tabbatar da abin da aka miƙo maka

Na'urar nan mai kama da bindiga da ake ɗora wa ƙarfe ta nuna sinadaransa, wato XRF, ba ta ganin kabon. Za ta faɗa maka kuromiyam da nikel da molibdinam, ta raba maka CF8 da CF8M cikin daƙiƙoƙi, amma CF8M da CF3M abu ɗaya ne a wurinta. Wanda ya nuna maka allonta a matsayin shaidar ƙarancin kabon, ko bai sani ba ko yana so kada ka sani. Kabon sai na'urar tartsatsi ta OES, ko ta leza wato LIBS, ko a ƙona ɗan gutsure a ɗakin gwaji. In za a auna a jikin kayan, a fara goge saman da kyau, domin yashin zubi da aka haɗa da ƙaro na roba yana iya shigar da kabon cikin fatar ƙarfen. Wannan shigar ma kanta abin dubawa ce: cikin kayan na iya zama 0.03 amma fatar da ke haɗuwa da asid ta fi haka, musamman a wuraren da injin sassaƙa bai taɓa ba.

Ka nemi takardar shaida irin ta EN 10204 nau'in 3.1, ka duba lambar narkin, wato lambar da ake ba kowane narki, da ke cikinta ta yi daidai da wadda ke jikin kayan. Takardar da lambarta ba ta dace da kayan ba, ta wani ƙarfen ce. Ka duba an rubuta zafin da aka gasa su da yadda aka sanyaya. Sannan ka yi tambayar da ba kasafai ake yi ba: an yi wa kayan waldar gyara a masana'anta? Cike ramukan zubi da walda abu ne da aka saba, ba aibi ba ne. Abin da ke da muhimmanci shi ne ko kafin gashin ƙarshe aka yi ko bayansa. CF8M da aka cike bayan gashi ya iso hannunka da ciwon a jikinsa. Don aiki mai tsanani, ƙa'idar A744 ta fi A743 tsauri a kan wannan batu, kuma kana iya sa a yi gwajin ASTM A262: nau'in E mai amfani da jan ƙarfe da asid na salfa shi aka fi nema, nau'in C kuma, wanda ake tafasa samfur a asid na naitirik har zagaye 5 na sa'o'i 48, na masu aiki da wannan asid ɗin ne. Duk waɗannan a rubuta su a takardar oda tun kafin a narka ƙarfen, domin gidan zubi ba ya yin gwajin da ba a nema ba.